Hawan keke a gefen ruwan Yawuri: wace hanya ce babu mota?

Ɗan Yelwa: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma don Allah kada a mayar da ita wasa kamar yadda aka yi wa tambayar Auta ta kiwon zomo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine mashin na sayi keke, na hannu, mai giya. Da farko don zuwa aiki ne kawai, to sai abin ya shiga jinina. Yanzu duk Asabar da safe ƙafafuna ƙaiƙayi suke yi. Matsalata hanya. Makon jiya na gwada babban titin da ya nufi Koko, ban yi nisa ba wata tirela ta wuce ni, iskarta kaɗai ta watsa ni cikin rami gefen kwalta. Gwiwata ta ɗaye, kariyar keken ta lanƙwashe, direban ko waiwaye bai yi ba. Abin da nake nema shi ne hanya mai shiru wadda motoci ba sa bi, mutum ya yi awa biyu ko uku yana kallon ruwa da gonaki, ya dawo gida da fatarsa. Ga tafkin Kainji a bakin ƙofarmu, tsawonsa ya haura kilomita 130, a ce duk babu inda za a bi gefensa da keke?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, sannu da gwiwa. Amma ni abin da ban gane ba, mutum ya yi aiki Litinin zuwa Juma'a, ranar hutu kuma ya hau keke ya je daji ya wahalar da kansa, ba aikensa aka yi ba, ba kasuwa za shi ba? Mu da muka tashi muna kai niƙa da keke, muna ɗauko buhun gero a kariya, wallahi ranar da na sayi mashin sai da na yi sadaka. Wannan ai ƙoshi ne.

Auta: Ƙoshi a wannan marrar, Baban Ummi? Wanda ya ƙoshi ai shi ne mai cika tanki. Yaya Ɗan Yelwa dai talauci ne ya kai shi, daɗi ya riƙe shi.

Kawu Mai Faci: Ɗana Ɗan Yelwa, ai ni na miƙe maka kariyar nan, ka ɓoye mini cewa tirela ce, ka ce wai faɗuwa ka yi a ƙofar gida. To na ji yanzu. Bari in gaya maka, shekara 30 da ɗoriya ina zaune da kwanon ruwa da famfo a gefen hanya, kekunan da aka kawo mini a murɗe ba su da iyaka, kuma kusan duk daga titin nan ne. Hanya ce ta manyan motoci, daga Kontagora su bi ta Yawuri su wuce Koko da Jega har Sakkwato. Tanka da tirelar shanu da mai ɗauke da albasa, kowa gudu yake. Mai keke ba ya cikin lissafinsu. Ka bar musu abinsu.

Hanyar keke tana bayan gari. Ka bi burjin da ke shiga ƙauyuka, daga nan ka sauka kan 'yar siririyar hanyar da masu kifi da masu nono suka taka ta yi santsi. A nan babu abin da za ka haɗu da shi sai kabu-kabu jefi-jefi da amalanken shanu. Amma tana da nata haraji, kuma tsidau ne ke karɓa. Ƙayar nan 'yar mitsitsiya mai kai uku ko huɗu, duk yadda ta faɗi ɗaya yana kallon sama. Ka taka guda goma ba ka sani ba, sai ka yi nisa ka ji keken yana nauyi. Dabarar da nake yi wa masu zuwa ƙauye ita ce in yanka tsohon tub in shimfiɗa shi cikin taya kafin in sa sabon. Keken zai ɗan ƙara nauyi, amma ƙaramar ƙaya ba ta kai ga iska. Ƙayar aduwa ko ta bagaruwa kam, wannan sai dai addu'a.

Ɗan Yelwa: Kawu, a yi mini afuwa, kunya ce ta sa. Gobe in sha Allahu zan kawo a sa mini tub ɗin. Amma har yanzu ba a gaya mini ta ina zan bi ba. Na duba Google Maps, gefen ruwan duk fari fat, kamar babu mutane.

Ɗan Sarkawa: Taswirar waya ba za ta nuna maka ba, Yaya, don hanyar bakin ruwa ba ta zama wuri ɗaya. Ni a tunga, wato ƙauyen masunta na bakin ruwa, aka haife ni, bari in yi bayani yadda na ji daga bakin tsofaffinmu kuma na gani da idona. Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ke zuwa a ƙarshen damina, ruwan saman ƙasashenmu ne na kusa, yana tafe da laka shi ya sa ya yi fari. Sai baƙin ruwa, wanda ke isowa cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Shi wannan daga tsaunukan Gini ya taso, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a can, ya iso mana garau. To da yake madatsar Kainji tana tare su duka biyun, lokacin sanyi tafkin a cike yake maƙil. Inda ka bi da keke a watan Mayu, ka dawo a Janairu sai ka tarar ana jefa taru a wurin.

Daga wajen Maris ruwa ke fara ja da baya, yana barin fili mai faɗi, ƙasa ta bushe ta yi tauri, mutane su bi shi suna shuka. A lokacin ne za ka iya tafiya ruwa na hannunka ɗaya gona na ɗayan, babu yashi babu ƙaya, taya tana ta kukan daɗi. Sai dai kuma lokacin ne zafin Yawuri ke dafa ƙwai. Ka ga abin: sa'ar da iska ta fi daɗi ruwa ya cinye hanyar, sa'ar da hanya ta fito rana ta hana. Shi ya sa mu a bazara da an sallame asuba ake fita, kafin ƙarfe 10 an dawo inuwa.

Baban Ummi: To ka ji. Allah ma ya raba, ku kuna son haɗawa.

Ɗan Sarkawa: Ba a rasa ba, Baba. A hunturu sai a ɗan hau tudu a bi hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan da aka sake wa matsuguni. Kun san da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya tashi mutane sama da dubu 40, har da tsohuwar Busa gaba ɗayanta, da Gungawan da ke zaune a tsibirai. Gwamnati ta gina musu gidajen siminti a tudu, har yau za ka ga ragowarsu, wasu an ƙara musu ɗakunan ƙasa a jiki. Tsakanin waɗannan garuruwa akwai hanyoyi, kuma ruwan yana leƙowa ta tsakanin bishiyoyi. In ka yi sa'a ka faɗa cikin gonakin albasa da safe ana ban ruwa, ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya da na albasa su haɗu su shige maka hanci. Kakata takan nuna tsakiyar ruwa da sanda ta ce ga inda rumbunsu yake. Ni ban ga komai ba sai ruwa, amma ita tana gani.

Auta: Ni dai tambayata ɗaya ce: dorina fa?

Ɗan Sarkawa: Tana nan, ba tatsuniya ba ce. Da dare take fitowa ta ci shinkafar mutane, da hantsi ta koma ruwa. In ka ga sawu kamar an kifa akushi a laka, da kashi a warwatse jikin ciyawa, to kada ka tsaya ɗaukar hoto, kuma kada ka shiga tsakaninta da ruwa. Kada girman jikinta ya ruɗe ka, a gajeren zango ba ka tsere mata a laka.

Auta: Shi ke nan, ni na fasa. A kawo mini labari.

Bakabe: Ku dai mutanen Yawuri kun cika son wahala. Wanga abu da kuka nema shina nan Argungu a shimfiɗe. Ku taho ku ga fadama. Tun da anka kama noman rani gadan-gadan, duk tsakanin gonakin shinkafa hanyoyi na, waɗanda manoma sunka yi don kai injin ban ruwa da taki. Ƙasa a miƙe take kamar faifai, babu hawa babu gangara, mota ba ta shiga sai lokacin girbi. Ni da abokina munka saba, mu tashi daga gari mu gangara Matan Fada, inda aka yin bikin kamun kifi tun 1934, mu bi gefen gulbi mu yi ta tahiya. Watan Fabrairu shinkafa ta yi kore shar har iyakar ganinka, balbelu fari fat a ciki, ba ka jin komi sai tukutukun injin da kukan tsuntsaye. In kun gaji mu komo gari in kai ku gidan tarihi na Kanta ku ga kayan yaƙin kakanninmu. Mai ƙarfin ƙafa kuma shi zarce Alwasa, inda anka gwabza yaƙi zamanin jihadi a 1805. Wagga ita ta hanyar keke, ba ta dorina ba.

Ɗan Yelwa: Bakabe, ka kwaɗaita mini. Amma daga Yawuri zuwa Argungu ai sai na ɗora keken a mota, kuɗin motar kuma shi ne abin da na gudu tun farko.

Bakabe: To ka zo da biki, ka jehi tsuntsu biyu. Amma gaskiya ta, in faɗa maka aibinta: da ruwan sama ya sauka ko sau biyu, fadama ta rufe. Lakar nan baƙa tana kama taya ta cushe tsakanin birki, sai ka ɗauki keke a kai kamar kayan aure. Na taɓa yin haka, takalmina guda har yau shina can.

Na Mafara: Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba, don maganar ta taɓa mini wani wuri. Ni mutumin Zamfara ne, aiki ya kawo ni Birnin Kebbi. Duk abin da kuke kwatantawa mun yi shi a Bakalori muna yara. Madatsar nan an gama ta a 1978, aka ja magudanan ruwa na siminti zuwa gonaki, kowace magudana da hanya a gefenta, miƙaƙƙiya, babu mota. Mukan ɗauki kekunan iyayenmu bayan la'asar, ƙafa ba ta kai feda ba sai dai a zura ta ƙarƙashin ƙarfe, mu yi ta tsere har magariba. A sayi rake, a yi wanka a magudana, a dawo a sha duka. Ban san wata hanyar keke da ta fi wannan ba.

Bara na je gida na ce wa ƙanena ya ara mini keke in zaga. Ya dube ni ya ce, Yaya, ka manta inda kake ne? Hanyoyin suna nan, shirun ma ya fi na da. Amma shirun ba iri ɗaya ba ne. Akwai hanyar da babu mota don mota ba ta da abin yi a can, akwai wadda babu mota don kowa ya gudu. A ido duk ɗaya suke. Don haka Ɗan Yelwa, kafin ka yi murna ka samu hanya fayau, ka duba: akwai mata masu tallar nono? Akwai yara a gona? Akwai sabon sawun mashin da na jaki? In ka yi tafiyar minti 20 ba ka gamu da ɗan Adam ba, gonaki kuma ga su ba a nome ba, juya kawai.

Ɗan Sarkawa: Wannan gaskiya ne, kuma mu ma nan ba mu tsira ba. Ba wanda ya manta yadda aka sace 'yan makaranta a Birnin Yawuri a 2021. Ni shawarata a riƙe ɓangaren ruwa, inda tungaye suke kusa da juna, a bar zurfafawa cikin dajin gabas. Kuma labarin hanya na jiya ba ya yi wa yau aiki, sai an sake tambaya.

Baban Ummi: Yawwa. Yanzu aka zo wurin. Da na faɗa cewa aka yi tsufa ne.

Mai Hular Kwano: Baban Ummi, ba a ce ka yi ƙarya ba, amma in don tsoro ne ai ko gona ba za a je ba. Bari in ba ku nawa, don akwai wani haɗarin da ba a ambata ba, wato kai kanka ka zama abin tsoro. Wata rana da sanyi na shirya tsaf: hular kwano, baƙin tabarau, riga mai ɗaukar ido, waya a ɗaure a kan keke tana nuna mini hanya. Na shiga wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, na tsaya gindin wata kuka ina ɗaukar hoton rumbuna don sun burge ni. Ban ankara ba sai ga 'yan banga huɗu, biyu da bindigar toka. Daga ina, wa ya aiko ka, me kake aunawa da waya? Na ce motsa jiki nake yi. Ɗayansu, wani dattijo mai furfura a gemu, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, duk gonakin garinku sun ƙare ne da za ka zo nan motsa jiki?

Haka aka tasa ni gaba ina tura keke, yara na biye, har zauren mai gari. Aka karɓi wayar aka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, har na sunan ɗiyata. Abin da ya cece ni, da na faɗi unguwarmu sai mai gari ya tambaye ni wane ne limaminmu, na faɗa, ashe sun yi karatun allo tare. Nan take fuska ta sake, aka kawo fura a ƙwarya, aka ce in sha. Da zan tafi mai gari ya ce, ɗana, ba mu ƙi baƙo ba, amma zamanin ne ya lalace, masu kai wa ɓarayi rahoto ma da fara'a suke shigowa. In za ka dawo ka fara biyowa ta nan ka yi sallama. Tun daga ranar, duk garin da na shiga sai na sauka daga keke, na cire tabarau, na gaida na zaune. Waya kuwa tana aljihu.

Malama Ta Jega: Sannunku da hira. Na so in yi shiru tunda maganar ta maza ce, amma ɗana ne ya dame ni yana son bin ku, shi ya sa nake bibiya. Abu biyu zan ce. Na farko, don girman Allah matsattsen wandon nan da ake gani a talabijin a bar shi a gida. Ba za ka ratsa mashaya mata na wanki da wannan shigar ba a ce kai mutumin kirki ne. A sa wando na mutunci, a ɗaure ƙafarsa da roba kada sarƙa ta kama. Na biyu, kuna ta neman taswira alhali ga ta a aji. Ina da ɗalibai da ke zuwa daga ƙauyuka da keke kullum, har da 'yan mata, da hijabinsu da komai. Yaran nan sun san inda yashi yake, inda kare ke bin mutum, inda gada ta karye, da wace gona ce mai ita ba ya son a ratsa. Ku sami irinsu a Yawuri ku saya musu faci da man sarƙa, za su kai ku inda wayarku ba ta sani ba.

Mai Hular Kwano: Malama, wallahi wandona mai faɗi ne, hular ce kawai ta jawo mini.

Malama Ta Jega: Hular kam kada ka cire ta a hanya, kai ba ya da faci.

Kawu Mai Faci: Malama ta gama magana. In ƙara muku kaɗan daga ɓangarena. In kun shiga yashi ku rage wa taya iska kaɗan, za ta fi kama ƙasa, amma kada ku manta ku mayar in kun hau tauri, in ba haka ba bakin wili zai tsinke tub ɗin wuri biyu kamar saran maciji. Kowa ya riƙe famfonsa da gam da faci, kada a dogara da na wani. Garken shanu in ya tare hanya a sauka a tsaya, kada a kaɗa ƙararrawa, saniya mai ɗan maraƙi ba ta san wasa ba. Ruwan sha kuma ya fi abin da kuke zato, hunturu yana busar da mutum bai sani ba.

Ɗan Yelwa: Allah ya saka da alheri, na samu fiye da abin da na roƙa. Ɗan Sarkawa, wata tambaya: na ji ana ɗora keke a jirgi daga Zamare a haye Rofiya. In mun haye can za a iya zagayawa?

Ɗan Sarkawa: Ana ɗorawa, har mashin ma. Amma can jihar Neja ce, ƙasar Agwara, ba mu da idon sani kamar nan, kuma sai an tambayi halin da ake ciki a ranar. Ni a karon farko ban ba da shawara ba. In ma za a haye wata rana, ba ranar kasuwa ba, don ranar ce ake lodin da ya wuce hankali. Mun ga abin da ya faru a wajen Wara a watan Mayun 2021, jirgi ɗaya ya nutse da mutane fiye da 100, akwai gidajen da har yau ba su farfaɗo ba. In babu rigar ruwa, ko ka ga bakin jirgi ya kusa shan ruwa, ka haƙura ka jira na gaba. Mu fara da wannan gaɓar tukuna. Akwai tungar kawuna, zan kira shi daren Juma'a in ji lafiyar hanya, in ya ce a zo sai mu je mu ci gasasshen kifi mu juyo.

Auta: In da gasasshen kifi to na janye fasawar da na yi. Amma ni a tsakiya zan tafi, dorina ta fara da na gaba ko na baya.

Ɗan Yelwa: To Asabar in Allah ya kai mu, a haɗu a rumfar Kawu da an fito masallaci. Malama, in ɗanki yana Yawuri ranar ya zo, amanarsa a wuyana. Bakabe, taka sai lokacin biki.

Bakabe: Ina nan ina jiranku. Ku taho da abin ɗaure takalmi.

Baban Ummi: Ni dai ban ce zan je ba. Amma Kawu, akwai tsohon Raleigh na marigayi Baba a rataye a zaure, ya fi shekara 15 ba a taɓa shi ba. Sarƙar ta yi tsatsa, tayoyin sun ruɓe. Irin wannan yana tashi kuwa? Tambaya kawai nake yi.

Kawu Mai Faci: Kawo shi gobe kafin azahar. In ƙarfen bai tsage ba, zai riga na yaran nan isa tunga. Ka haɗo da kuɗin taya biyu, don ba na bashi.